Ƙararrawar Basha a Farin Ɗaki

Lahadi, 3 ga Maris, bayan La'asar

Daktora Rula ta ba ni littafi biyu. Na farko na tumaki ne: me suka ci, me suka sha, kashinsu ya yi tauri ko ya yi ruwa. Na biyun ta ce in ajiye sai na farko ya cika. Na duba na ga kashin tumaki shida ba zai cika littafi biyu ba ko da zawo suke yi, don haka wannan ya zama nawa.

Ni ne Mifleh, Abu Sayel, makiyayi ɗan makiyayi daga gabashin Mafrak. Aji huɗu na yi, ajin huɗun ma sau biyu, saboda malamin ya ƙi rabuwa da ni. Yau ga ni ma'aikacin gonar jami'a, da farar riga da kati a wuya. Hoton da ke jikin katin, matata Wadha, Umm Sayel, ta ce kamar na wanda aka kama da ragon sata.

Ga yadda na shigo. Bara muka kai 'yarmu Anud wurin Daktora. Anud malamar aji ɗaya ce, shekararta shida da aure. Allah Ya halicce ta da komai, har da bakin uwarta, sai abu guda. In na tunkiya ne zan rubuta ba kunya: mahaifa. Na mutum kuwa, kuma 'yata, alƙalami ya ƙi. Zan ce ɗaki. An haifi Anud ba ɗaki. Uwarta Wadha tana da nata, mutum biyar sun zauna a ciki sun tashi, yanzu ba kowa. Daktora ta ce ana iya cirewa a dasa wa Anud. Na yi dariya a ofishin. Ni kaɗai na yi.

Amma kafin a taɓa mutum sai hannu ya koya a jikin tunkiya. Da ta ji sana'ata ta ce, "Ammi Abu Sayel, ai kai nake nema." Ammi, wato baffa, haka take kirana. Duk hunturu sun yi ta koyo a kan tumakin da ba a tashe su daga barci ba. Yanzu an zo na ƙarshe: a cire wa tunkiya mahaifarta, a wanke, a mayar, a ɗinke, ta tashi ta rayu. Kwamitin asibiti zai zauna ranar 14 ga Afrilu, yana son ganin uku a tsaye suna ci, sati biyu bayan aiki. In ya gani, a sa wa Wadha da Anud rana. In bai gani ba sai baɗi, baɗi kuwa shekarun Wadha sun wuce abin da suka yarda da shi.

Na rubuta sau ɗaya. Ba zan sake ba.

Litinin, 4 ga Maris, da hantsi

Tumaki ashirin na kawo nan, shida an zana musu lamba a baya. Likitoci lamba suke kira, ni suna nake kira, su kuma tumakin ba sa amsa wa kowa sai Basha.

Basha rago ne, shi ne jagoran garke. Ranar da aka haife shi na ɗauke shi daga uwarsa tun bai san ƙamshinta ba, na riƙa ba shi nono a kwalba ƙarƙashin cikin jakina Mudir, yadda ubana ya yi wa nasa. Ya tashi ya ɗauka jaki ne ya haife shi. Yau shekararsa bakwai, fiɗiyayye, ba a taɓa sausaye shi ba, ƙararrawa uku a wuya, yana bin jaki namiji yana ganin mahaifiya. Mudir na gaba, Basha na bin Mudir, garke na bin ƙararrawa, ni ina can baya ana ce mini makiyayi.

Dakta Haisam, likitan dabbobi, ya nuna mini farin ɗaki. Mutumin kirki ne daga Amman, kyanwoyin matan manya ya saba dubawa. Tunkiyar farko da suka tayar a watan jiya ruɓa ce ta kashe ta, tun daga nan aka kafa doka: wadda aka yi wa aiki ita kaɗai za ta zauna, tayil sama tayil ƙasa, ba abin da zai shiga daga garke, ko ƙuda sai ya wanke ƙafa. Ya ce, "Yaya ka gani, Abu Sayel?" Na ce, "Wallahi ya fi ɗakin da na kai amaryata." Ya ji daɗi.

Na buɗe baki zan ƙara wata magana, sai na rufe.

Talata, 5 ga Maris, bayan Magariba

Ya Allah.

Yau aka yi wa Shagra, mai jar fuska. Sun bar ni na shiga saboda wutsiya. Wutsiyar tunkiyarmu kitse ne kilo shida, kuma littattafansu na ƙasashen waje ba su faɗi yadda ake yi da ita ba. Na naɗe ta na ɗaure sama, aka ce in tsaya jikin bango kada in taɓa komai, kada ma in yi numfashi da ƙarfi.

Na feɗe tumaki fiye da gashin gemuna. Na ɗauka na san cikin tunkiya. Ashe bakin ƙofa nake tsayawa. Awa huɗu Daktora tana raba jijiya da jijiya, ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Daga nan ta ciro abin da hannu biyu ta sa a kwano mai ƙanƙara. Suka tura masa ruwan sanyi ta wani siririn bututu, ina kallo jan ya fita, ya koma fari fat kamar cuku. Na ce a raina, wannan kam ya mutu, ni na san nama. Awa guda yana cikin kwanon. Tunkiya a tebur ba mahaifa, mahaifa a kwano ba tunkiya, wai kuma dukansu suna da rai.

Ta mayar, ta ɗinke, ta ce, "Saki." Aka cire wani ɗan ƙarfe da ya matse jijiyar. Da farko ba komai. Sai wani ja-ja ya fara daga gefe, yana cin farin a hankali, yadda rana ke cin inuwar dutse da safe, har ya kai ƙarshen rassan mahaifar biyu da muke ce wa ƙahonni. Abin ya motsa. Wallahi ya motsa.

Na ce Allahu Akbar da muryar kiran garke. Daktora ba ta juyo ba, ta ce, "Ammi, a hankali, akwai allura a hannuna."

Shekara arba'in ina jefa wa karnuka wannan abin.

Laraba, 6 ga Maris, da Azahar

Shagra ta tashi. Tana tsaye a farin ɗaki, fuskarta a kusurwa, kunne a ƙasa. Ga harawa mai kyau, wadda aka gasa don kashe ƙwayar cuta, ko kallonta ba ta yi ba. Na tsaya a bakin gilashi ina kallon wuyanta. Ba ta tuƙa.

Na rubuta a littafin farko: ba ta ci ba. Gaskiya na rubuta.

Juma'a, 8 ga Maris, bayan La'asar

Anud da mijinta Ayed sun zo, Wadha ta yi mansaf, shinkafa da naman rago a babban tire. Ayed mai gyaran injin rijiya ne, siriri kamar sandar kiwo, amma in ya naɗe hannun riga a gaban tire sai ka nemi tsari.

Na ce, "Ina jikokina?" Tun bara aka haɗa ƙwayayen Anud da nasa, guda shida, suna cikin sanyi a Amman suna jiran ɗaki. Ya ce, "Suna gaishe ka, Ammi, suna firji." Na ce, "Duk sun fi ubansu natsuwa, ba mai cin rabon wani." Anud ta ce, "Yaba, ka bar mini miji ya ci." A wurinmu uba Yaba ne, uwa Yumma, kuma uba ma da Yaba yake kiran 'yarsa. Na ce, "Yaba, ni na hana shi? Tiren nake tausaya wa."

Wadha wata huɗu ke nan rabonta da taba da sukari da kitsen wutsiya, bisa umarnin Daktora. Matar da ta fara naɗa taba tun a tantin uwarta. Yanzu soyayyun 'ya'yan kankana take ɓarzawa daga safe zuwa dare, tsakar gida kamar an yi ruwan ɓawo, kuma duk wanda ya gifta ta gabanta ya yi laifi. Na ce, "Umm Sayel, ki sha ɗaya, ba zan faɗa ba." Ta ce, "Kai ka taɓa riƙe magana? Cikinka kwando ne."

Ta tambayi lafiyar tunkiya. Na ce tana tsaye.

Na tuna ranar da Daktora ta zaunar da mu. Ta ce aikin mai bayarwa ya fi na mai karɓa tsawo, awa goma ko fiye, domin sai an bi jijiyoyi can ciki, gab da hanyar fitsari, inda kuskure ɗaya ba ya gyaruwa da sauƙi. Wadha ta ce to. Kamar an ce mata gobe za a yi wanki. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu ba ta taɓa kwana a asibiti ba, ni kuwa ko safata ban san inda take ajiyewa ba.

Safar nake tunani. Ba wani abu ba.

Asabar, 9 ga Maris, da safe

Shagra ta tafi.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan Azahar

Sun buɗe ta. Ɗinkin bai motsa ba, ba ruɓa, mahaifa lafiya lau har zuwa sa'ar ƙarshe. Tumbi ne ya tsaya cak, ya kumbura. Dakta Haisam ya ce maganin zafi ne, a rage. Daktora ta kifa bokiti ta zauna a kai, har da rigar aikinta. Matar da ta tsaya awa takwas ba ta jingina ba.

Ta ɗago ta ce, "Ammi, kai ka ga wani abu?"

Na ce, "Daktora, ni da aji huɗu? In na ga abin da ba ki gani ba, ai sai ki ba ni allurar ki karɓi sanda." Ta yi murmushi don ta girmama ni.

Yaro ɗan shekara shida a garinmu ya sani. Kaka mai ido ɗaya ta sani. Ka ware tunkiya ita kaɗai, ba ƙamshin 'yar'uwa, ba ƙarar garke, a wurinta kerkeci ya riga ya zo. Ba za ta kwanta ba, ba za ta tuƙa ba, tumbin da ba a tuƙa kuwa kwana uku ne.

Ban faɗa ba.

Talata, 12 ga Maris, bayan Magariba

An yi wa Sabha, mai farin goshi. Bayan an gama Daktora ta kira ni in leƙa madubin da take ɗinki a ƙarƙashinsa. Ta sa zaren kusa da gashin gemuna guda. Gashina ya fito kamar igiyar rijiya, zaren kamar ba shi. Ta ce jijiyar da ta ɗinke ba ta kai tsinken tsintsiya ba, kuma ɗinki goma sha huɗu ta yi mata a kewaye. Na sa yatsana a ƙarƙashin madubin, na ga gonar da aka yi wa huɗa, da kwari da tudu. Ashe ni ma haka nake da faɗi ban sani ba.

Jan ya sake shiga farin. Wannan karon a zuci na yi kabbara. Na kalli hannun matar nan na ce, wanda Ya ba ɗan Adam wannan, me kuma Ya ɓoye?

Sannan na ga wata fuska a kan teburin, ba ta Sabha ba. Na fita na sha iska.

Laraba, 13 ga Maris, da hantsi

Kusurwa. Ban faɗa ba.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan La'asar

Na makara a farin ɗaki ina sauya ruwa, Mudir bai jira ni ba. Ya tura ƙaramar ƙofar shinge da hanci, ya ja garke ta bayan ginin, hanyar da ba mu saba bi ba. Ƙararrawar Basha ta shigo ta bango, ƙasa-ƙasa. Sabha ta ɗaga kunne ɗaya. Ta juyo daga kusurwa, ta taka zuwa inda sautin yake, ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗebi harawa sau biyu. Da sautin ya yi nisa ta saki abin da ke bakinta.

Ni kaɗai na gani.

Da yamma na ɗaure ƙaramar ƙofar da waya. Motoci na wucewa ta can. Jaki ba shi da hankali. Motoci na wucewa, na ce.

Asabar, 16 ga Maris, da safe

Sabha.

Na yi alwala sau uku kafin in iya tayar da salla.

Lahadi, 17 ga Maris, da Azahar

Daktora ta tara mu. Ta ce ranar Lahadi mai zuwa za ta yi ɗaya. In ta rayu, a yi biyu a bayanta kafin wata ya ƙare, a cika uku. In ta bi 'yan'uwanta, ita da kanta za ta rubuta wa kwamiti a ɗaga. Ta ce, "Ba zan buɗe uwa da 'ya ba alhali ban san me ke kashe mini tumaki ba." Ta kalle ni ta ce, "Ka yi haƙuri, Ammi."

Ni take ba haƙuri.

Talata, 19 ga Maris, bayan La'asar

Basha lafiyarsa lau. Mudir ya ci rabin katina na wuya, ya bar hoton.

Laraba, 20 ga Maris, bayan Asuba

Wadha tana gasa gurasa, ina shan gahawa a gefenta. Ba ta kalle ni ba ta ce, "In sun gama aikin, ina suke kai su?" Na shiga ba ta labarin farin ɗaki, tayil da fitila da harawar da aka gasa, har na sa mata ƙuda mai wanke ƙafa. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Da wa?"

Na ce, "Da wa me?"

"Tunkiyar. Da wa take zama?"

Gurasa ta ƙone a kan kasko, ba ta ɗauke ba. A tanti aka haife ta, tun ba ta iya magana ba take tatsa.

Ta ce, "Mifleh." Tun da aka haifi Sayel ba ta kira ni da wannan sunan ba. "Da ubana zai ba ka ni, ya ce ba ka da kyau, ba ka da ilimi, surutunka ya yi yawa, amma kai makiyayi ne. A kan wannan ɗayan na yarda."

Na ce, "Awa goma ne, Wadha."

Ta ce, "Na haifi Sayel a kwana biyu, kana waje kana ba mutane dariya. Ɗakin nawa ne. Mutum biyar sun shiga sun fita ba wanda ya nemi izininka. Yarinyar nan a cikinsa aka yi ta, a cikinsa aka manta ba a ba ta nata ba. Shekara goma sha ɗaya ina kwana da wannan."

Na ce ba laifinta ba ne, Daktora ma ta faɗa. Ta ce, "Ban ce laifi ba. Na ce nawa ne."

Ta ɗauke gurasar ta jefa wa kare. Ta ce ba za ta je ta gaya wa Daktora ba, domin in ta faɗa, Anud za ta san wanda ya yi shiru. Sannan ta ce, "Ranar Lahadi Kahla za ka kai musu."

Kahla tata ce, ba ta cikin masu lamba. Mai baƙin zobe a ido kamar ta sa kwalli. Uwarta ta mutu wajen haihuwa, a ɗakin girkinmu Wadha ta rene ta. Na ce akwai wasu. Ta ce, "Na san akwai."

Juma'a, 22 ga Maris, bayan La'asar

Anud ta zo ita kaɗai. Ta same ni a garken gida ina gyara shinge da bai lalace ba. Ta ce, "Yaba, suna jin zafi?" Na ce ana ba su magani, sun fi ni jin daɗi.

Ta ce, "Ka bar wasa. Kai kake ganinsu da idonka. Daktora tana son aikin, Yumma tana sona, Ayed duk abin da na ce shi ne. Kai kaɗai ne ba za ka ruɗe ni ba. In ka ce a bari, wallahi na bari, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Ina da yara talatin da biyu a aji, sun ishe ni."

Ga ƙofa a buɗe, ita ta buɗe mini da hannunta. Kalma ɗaya.

Na kalli hannun. Tana magana tana sosa wa wani ɗan rago bayan kunne, ba ta ma san tana yi ba.

Na ce, "Yaba, yara talatin da biyu kuma har yau ba ki koya wa ubanki rubutu ba?" Ta ce, "Kai ba ka da magani," ta tafi wurin uwarta.

Ban ce a bari ba. Ban ce a yi ba. Jarumi ke nan.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan Magariba

Na ɗaure wutsiyar Kahla da hannuna. Fari ya koma ja. Sau uku ke nan ina gani.

Litinin, 25 ga Maris, da Azahar

Kusurwa. Da na shiga ta juyo ta shinshina rigata, wurin da Wadha ke kamawa in za ta gyara mini wuya. Ta yi kuka sau ɗaya.

Talata, 26 ga Maris, bayan La'asar



Da sassafe na tare Daktora tun ba ta rufe mota ba. Na ce, "Ba magani ba ne, ba ɗinki ba ne. Kaɗaici ne. Ki ba Kahla garke, ko ki haƙa mata rami." Na yi mata bayani yadda ubana zai yi, ba wasa ko ɗaya, har ni kaina ban gane muryata ba.

Dakta Haisam ya ce a littafi ma akwai haka, ya sani, amma ruɓa fa? Ya ce, "Wace dabba kake son shigarwa?" Na ce Basha. Ya leƙa ta taga ya ga Basha, ulun shekara bakwai da duk abin da ya maƙale a ciki tun daga Mafrak. Ya ce, "La haula. Wannan ba rago ba ne, juji ne mai ƙaho." Na ce, "Dakta, yi a hankali, yana da muƙami."

Daktora ta ce a wanke shi, a sa ragar waya a ƙofar ɗakin, ya tsaya a baranda ta waje, su ga juna kada su taɓa juna. Mu uku muka wanke Basha da sabulun tiyata, ruwa bakwai, na farkon ka shuka alkama a ciki ta fito. Aka zo shiga, ya kafe. Muka ja, muka tura. Na ce, "Ba ya zuwa ko'ina sai da uwarsa." Daktora ta ce, "To a kawo uwar." Na kawo Mudir.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ammi, wannan namiji ne." Na ce, "Kada ki gaya wa Basha."

Dakta Haisam da kansa ya durƙusa ya sa wa jaki shuɗin takalman leda huɗu, yana cewa in abokan karatunsa suka ji ya mutu. Mudir ya taka baranda kamar shugaban jami'a ya zo duba aiki, Basha na biye, ƙararrawa na kaɗawa tsakanin tayil.

Kahla ta juyo tun kafin su iso. Ta zo jikin raga ta sa hanci. Basha ya hura mata iska sau ɗaya, ya juya ya kwanta abinsa, shi ba ruwansa. Ta tsaya, ta tsaya. Sai ta lanƙwasa gwiwar gaba, ta kwanta a hankali ta ɓangaren da ba ɗinki. Kwana biyu rabonta da ƙasa.

Na ce kowa ya yi shiru ya kalli wuya. Muka zauna a ƙasa, likita biyu da ni, kusan awa guda. Can sai ga shi: ɗan dunƙule ya taso daga ƙirji, ya hau ta gefen hagu na wuya a ƙarƙashin fata, ya isa baki. Muƙamuƙi ya fara juyawa.

Sau dubu nawa na ga wannan a rayuwata? Ban taɓa kallo ba sai yau. Daidai yake da jan nan da ke shiga fari. Mai yin wancan Shi ke yin wannan.

Daktora tana ƙirga taunar a hankali kamar mai jan carbi. Da ta kai hamsin ta ce, ba ta kalle ni ba, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun Shagra." Na gaya mata har da wayar ƙofa.

Sannan ta ce, "Tunkiya biyu, Ammi." Na ce biyu, kuma a wuyana suke. Ta ce, "Ni kuma shekara goma sha huɗu na yi ina karatu, sau ɗaya na tambayi makiyayi, ya yi mini wasa, na karɓa na tafi. Je ka rubuta a littafi cewa ta tuƙa. Ka sa lokaci."

Na sa: goma sha ɗaya saura minti biyar.

Laraba, 27 ga Maris, bayan Asuba

Na gaya wa Wadha. Ta ce, "To." Ta zuba mini gahawa ta ce, "Sha, Abu Sayel." Sunana ya dawo.

Na kwance wayar.

Lahadi, 31 ga Maris, da yamma

An yi wa biyu, ɗaya Alhamis ɗaya yau. Kowacce ta farka ta tarar da Kahla a gefe da Basha a baranda. Dakta Haisam yana rubuta takarda a kan lamarin, ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan Mudir.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da Azahar

Sati biyun Kahla. Daktora ta shafa mata wani abu a ciki ta ɗora na'ura, ta ƙara sauti. Fuu, fuu, fuu, kamar iska a bakin tanti. Ta ce jini ne ke wucewa ta ɗinkinta. Na roƙa ta bar shi ya ɗan daɗe.

Ina ji ina murna, ina ji ina tsoro. Duk fuu ɗaya taki ɗaya ne zuwa teburin nan. Ni na buɗe hanyar da hannuna, da jakina.

Lahadi, 14 ga Afrilu, bayan Magariba

Kwamiti ya zo, mutum biyar da takalma masu ƙyalli. Suka tsaya suna kallon tumaki uku suna tuƙa, kamar ba su taɓa cin nama ba. An sa rana: bayan ƙaramar Salla da sati ɗaya.

Daktora ta kira mu ofis, ni da Wadha da Anud da Ayed. Anud ta riƙe hannun uwarta, ba mai kallon wani. Daktora ta ce bayan aiki kowacce ɗakinta daban, kwana uku ba mai shiga, saboda ruɓa. Na ɗaga hannu kamar a aji huɗu. Ta ce, "Na sani, Ammi. Akwai gilashi tsakanin ɗakunan, zan sa a juya gadajen su ga juna. Kai kuma baranda, ba za ka wuce layi ba."

Wadha ta ce, "Ka ji, an ba ka aikin Basha." Na ce, "A'a, Basha kwanciya yake yi abinsa. Ni ne jakin." Ayed ya ce, "Za a nemo maka takalman leda, Ammi." Anud ta yi dariya har ta koma kuka, uwarta ta ce ta share fuska, mutane na gani.

A mota Wadha ta ce tsoro take ji. Sau ɗaya ta faɗa, tana kallon taga, tana ɓarzar 'ya'yan kankana. Na nemi abin dariya a duk cikina ban samu ba. Na ce ni ma.

Da muka iso na koma gona na ciro ƙaramar ƙararrawa daga wuyan Basha, biyu sun ishe shi. Sautinta Wadha ke ji kowace yamma tun shekara bakwai, da shi take sanin mun dawo ta ɗora shayi. Na cusa mata ulu a ciki don kada ta yi ƙara, na sa a aljihun farar rigata.

Ranar da aka tura su farin ɗaki, zan cire ulun.